Gaisuwar da Yaya Asabe Ta Bari

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko a Tudun Wadan Zariya. Ba wani ruwan kirki ba ne, ya dai wanke kwanon rufi, ya jiƙa ƙasa, ya tayar da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya ci. Yau da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, yara duk sun tafi islamiyya, sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi kuwa, "Ruwa ya yi gyara." Ba wanda ya gaishe ni. Na waiga ƙofa, na waiga katanga, babu kowa sai kaji. Na ajiye tiren. Shekaru sun shuɗe, azumi ma ya ja baya ya bar tsakiyar zafi, amma duk ruwan farko sai na amsa wannan gaisuwar, kuma na san mai ita.

Yaya Asabe ce. Ba jini ya haɗa mu ba. Makarantar firamare ɗaya muke koyarwa, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Ta girme ni nesa ba kusa ba, tana koyar da lissafi tun ina 'yar makaranta. Mijinta Malam Isiyaku tela ne, kekensa a zauren gidansu yake. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne rak a gidan, sai wani jan zakara mai fitinar tsiya da ke haurowa ya cinye mini tsaki.

Kafin shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba, wata ƙungiya ta zo da horo na koyarwa da na'ura. Aka ce ba kowa za a ɗauka ba, sai an yi jarrabawa. Muka ɗunguma wani babban ɗakin taro a Kongo, malamai kamar ƙasa, wasu har a kan taga. Aka zaunar da mu gaban kwamfuta rukuni rukuni. Yaya Asabe na gefena, da yatsa ɗaya take danna harafi, kowane dannawa da bisimillarsa. Na ce mata, "Yaya, a haka sai an yi kiran isha ba ki gama rubuta sunanki ba." Ta ce, "Ke dai ji da kanki, uwar surutu."

Da sakamako ya fito, mu biyu kaɗai aka ɗauka a makarantarmu. Wai! Ranar ɗakin malamai ya yi tsami. Aka sa mana suna 'yan gaban goshi. Akwai malamin da ya daina amsa gaisuwata har yau, wai ya fi mu sanin kwamfuta, kuma gaskiyarsa ne, ya fi mu. Su masu horon ba wannan suka nema ba, sun nemi wanda zai iya bayani yaro ya gane. Aka ba kowannenmu tabulet, 'yar kwamfutar hannu. Yaya Asabe ta juya nata gaba da baya ta ce, "Wannan ai faranti ne." Shi ke nan sunan ya bi shi.

Abu biyu na riƙe daga horon. Na farko, in za ka ɗauki darasi da murya, duk tambayar da ka yi ka bar fili, ka yi shiru gwargwadon yadda yaro zai amsa, sannan ka ci gaba. Na biyu, kana iya ɗaukar darasi yau ka sa masa ranar da zai fita, ko bayan wata nawa ne. Mai koya mana ya ce saƙon ba a cikin faranti yake kwana ba, can wurinsu yake. Ya ce, "Ko tabulet ɗinka ya faɗa rijiya, ranar na zuwa darasi zai fita." Muka yi dariya.

Aka buɗe mana guruf a waya, mu da aka zaɓa daga garuruwa daban-daban. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba sai a hoto. Aka ɗora ni a kan shugabancinsa, wai don bakina ba ya shiru. A nan na saba da Misis Ngozi, mai koyar da Turanci a Kwangila, haifaffiyar Zariya ce, in tana Hausa sai ka rantse daga cikin birni ta fito. Muna da al'ada a guruf ɗin. In wani ya rasu, sai a yi ta'aziyya, bayan sadakar uku shugaba ya cire lambarsa, don wayar mamaci hannun dangi take komawa. Na taɓa yi sau ɗaya, ga wani malami da ban san fuskarsa ba. Na yi masa addu'a na danna, ban ji komai ba.

Sai aka rufe makarantu, azumi kuma ya kama a tsakiyar bazara.

Yaran yanzu in na ba su labarin zafin shekarar sai su ɗauka ƙari nake yi. Tun kafin hantsi ƙasa ta ɗau zafi, ba ka iya taka tsakar gida babu takalmi. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Famfo ya ƙafe, rijiyarmu ta koma laka, 'yan garuwa kuma sai ka yi sa'a ka gan su, don an hana yawo. Wuta sai ta yi kwana da kwanaki ba a kawo ba. Da azahar nakan jiƙa zani in lulluɓa, kafin in juya ya bushe. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da goshi. Kasuwa sai ranar da aka ba da dama, ranar kuwa kowa ya fita a guje, ka dawo da abin da hannunka ya kai gare shi.

Mu matan layin muka haɗa kai. Gero a turmi ɗaya ake surfa shi, mai ƙarfi ta daka, marar ƙarfi ta bakace. Da la'asar kwanuka ke yawo ta kan katanga, kunun tsamiya ya haura, ƙosai ya dawo. Wanda ya samo ƙanƙara sai a fasa ta da taɓarya a raba gida gida, ko ɗan gutsure ne a jefa a kofi don a ji sanyi a maƙogwaro. Caji kuwa sai wurin wani mai aski da ke da janareto, a tara wayoyin layi a leda a kai masa. Sabis ba ya kamawa a ɗaki, sai na tsaya gindin dalbejiyar ƙofar gida na ɗaga waya sama.

A cikin wannan hali guruf ɗinmu ya zama makaranta. Kowa ya ɗauki darasinsa da murya ya turo, sauran malamai su kunna wa yaran unguwarsu. Ni a zaurena nake tara 'yan aji shida na layinmu, 'yan kaɗan, kowa nesa da kowa. Darasin Yaya Asabe shi ne na hantsi, kuma shi kowa ke jira. Ita ba ta iya fara magana babu gaisuwa. Mai horon ya ce mata ta riƙa shiga darasi kai tsaye don kar data ta ƙare, ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar faɗa wa mutane babu sallama ba. Kullum sai ta ce, "Salamu alaikum yarana, salamu alaikum malamai 'yan uwana. Kun tashi lafiya? Ya zafi?" Sai ta yi shiru. Yara su haɗa baki, "Lokacinsa ne!" Sannan ta ce, "Madalla. A ɗauko littafi."

Na lura tana ramewa. Wuyanta ya fito, zoben hannunta ya koma babban yatsa. In na yi magana ta ce azumi ne. Daga safe har azahar tana ɗaki a kulle, a wannan zafin, ina jiyo ta ta katanga tana tambaya tana shiru, tana tambaya tana shiru. Wata rana rana ta take, ko gajimare babu, na ji ta ce, "Ya ruwa?" Na leƙa ta kan katanga na ɗaga murya, "Yaya, wane ruwa? Ko da aljanu kike karatu?" Ta buɗe taga, fuskarta sharkaf da gumi, ta ce, "Tarawa nake yi, kamar itacen damina. Ke tafi ki dama kununki."

Ana tsakiyar azumi ta faɗi a bakin murhu. Kafin a samo mai keke napep ya yarda ya fito, rai ya yi halinsa. Daga baya muka ji ashe ta daɗe tana zuwa asibiti a ɓoye, kuma an gaya mata abin da ke cin ta a ciki. Ko Malam Isiyaku bai sani ba. Ni na riƙa zuba ruwa mai wanka tana wankewa. Da hannuna na ɗaure mata haɓa. Maza 'yan kaɗan suka ɗauke ta kafin la'asar. Da yamma na je gindin dalbejiya na sanar a guruf, ta'aziyya ta yi ta shigowa har cajina ya kusa ƙarewa.

Washegari da hantsi muna zaman makoki a tsakar gidanta, mata sun jeru a inuwar katanga, ba mai magana sai jan carbi. Wayata ta yi motsi a cinyata. Yadda aka yi sabis ya kama a wurin ban sani ba. Na ɗauka wani ne ya turo gaisuwar mutuwa da murya, ban ko duba suna ba na danna.

"Salamu alaikum yarana, salamu alaikum malamai 'yan uwana. Kun tashi lafiya? Ya zafi?"

Muryarta, tas, a tsakar gidanta, tabarmar da aka yi mata wanka a kai tana shanye a kan igiya. Sai shirun nan ya biyo baya, kana jin numfashinta a ciki. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, kanta a sunkuye, ta ce, "Lokacinsa ne." Sai da ta faɗa sannan ta ɗago. Wuri ya kaure da salati. Wata ta zubar da buta ta yi waje babu mayafi. Ni kuwa yatsuna suka ƙi motsi, na kasa kashewa, har sai da ta ce, "Madalla. A ɗauko littafi."

Na san dalili sarai, ai tare muka zauna a ajin da aka koya mana. Amma tsikar jikina ba ta kwanta ba har aka sha ruwa.

Da la'asar Malam Isiyaku ya aiko a kira ni zaure. Ya buɗe akwatinta ya ɗauko farantin a naɗe cikin ɗankwali. Ya danna, ya sake dannawa, baƙi ƙirin, babu ko ɗigon caji. Ya ce, "Malama Jummai, ga abin nan a mace. To daga ina take magana?" Na yi masa bayani iya iyawata, na ce ta ɗauka ne tun tana da rai, ta sa wa kowane darasi ranarsa. Ya ce, "Har yaushe?" Na ce ban sani ba. Na nemi masu horon, suka ce mai shi kaɗai ke iya gogewa da lambar sirrinta, in ba haka ba sai dai shugaban guruf ya cire ta. Ma'ana ni.

Ranar sadakar uku aka yanka jan zakaran nan aka yi miyar buɗa baki. Ranar ce ya kamata in cire ta. Guruf ya rabu biyu. Wani malami ya ce a bar mamaciya ta huta, bai dace muryarta ta riƙa yawo a wayoyin maza ba. Wani ya ce ai wannan sadaka ce mai gudana, wa zai tare wa baiwar Allah ladanta? Misis Ngozi ba ta tsaya rubutu ba, kira ta yi. Ta ce, "Jummai, kar ki kuskura. Yarana sai yanzu suka fara gane rabawa. In kin cire ta, ke za ki koya musu? Ke da lissafin cefane ma ke ba ki wuya?" Na ce, "Ngozi, ba ki ji abin da na ji ba a gidan nan." Ta ce, "Na ji. Ni ma sai da na yi kuka. Amma na kunna musu." Na buɗe wurin cirewa na kalli sunanta da ɗan hotonta, ta sha ɗaurin ɗankwalin nan nata da ke karkacewa gefe. Na mayar da wayar cikin zani.

Haka muka ci gaba. Yara suka dawo zaurena, da fari a tsorace, suna zama kusa da ƙofa. Kullum hantsi sai muryarta ta zo. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba muryar ba ce, abin da ke bayan muryar ne. Zakaran da muka cinye yana nan yana cara. Keken Malam Isiyaku yana ta sukuwa a cikin wayar, alhali tun ranar rasuwar bai ɗaga ƙyallen da ya rufe shi da shi ba, ga sallah na matsowa, mutane na zuwa suna karɓe yadinsu. In ta bar fili sai ka ji gidan nan da rai, ka ɗaga kai ka kalli katanga ka ji tsit.

Washegarin daren duban watan sallah, Yaya Asabe ta ba mu dariya da kuka a haɗe. Ta ce, "Yarana, in an ga wata jiya, barka da sallah, ku ajiye littafi ku je ku ci tuwo. In ba a gani ba, to ya ibada? Ku daure, saura ƙiris." Ba a gani ba kuwa. Na ce a raina, ka ji Yaya Asabe, komai sai ta yi masa tanadi. Hankalina ya ɗan kwanta, don na ga lissafi ne irin nata, mutum ce ta zauna ta yi tunani.

Sallah ta wuce babu ruwa. Hadari ya haɗu ta gabas ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Manoma suka yi shiru da iri a hannu. Aka yi roƙon ruwa, aka sake. Gaisuwarta kullum ita ce ya zafi, mu kuma muna amsawa. Sai wata rana da yamma sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta shigo gidaje, ɗakina ya yi yoyo ta kusurwa har sai da na ja gado. Yara suka fita tsirara suna ihu. Muka tara duk wani abu mai baki, bokiti, tukunya, har turmi.

Da hantsi yara suka zo da laka a ƙafa. Na kunna.

"Salamu alaikum yarana. Ya ruwa? Jiya kam an sha shi. Wanda ɗakinsa ya yi yoyo, sannu."

Ba ta ce in an yi ba, ba ta ce in ba a yi ba. Yaran ba wanda ya amsa. Shirun ya yi ta tafiya, numfashinta na fita a hankali, ruwa na ɗiga daga indararo. Ni ce na ji ba zan iya barin ta a tsaye ba, na ce, "Ruwa ya yi gyara, Yaya." Na sha gaya wa kaina cewa duk ɗan Zariya ya san lokacin da ruwa ke sauka, ta yi kirdado ne ya faɗa daidai. To amma shekarar ruwan ya makara, masu kirdadon duk sun faɗi. Malaman wasu garuruwan suka rubuto cewa su ko ɗigo ba a yi musu ba. Har yau ban sami inda zan ajiye wannan abin ba.

Daga ranar magana ta bazu a unguwa. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Masu talla suka daina bi ta layinmu da hantsi. Ana haka Malam Isiyaku ya yi sallama a ƙofar zaurena bayan yara sun tashi. Na tsorata da ganinsa. Rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa sun faɗa.

Ya ce, "Malama Jummai, ni na sa ta a kabari da hannuna. Na dawo gida ina so in yarda ta tafi. Kullum hantsi sai in ji ta ta katanga. Ban iya cin abinci, ban iya zama a kan keke. Don girman Allah ki sallame ta."

Na ce, "Malam, zan rage murya, ko mu koma can ƙuryar gida."

Ya ce, "Ko rami kika shiga zan ji. Ai ni nake zuwa in tsaya jikin katangar." Ya murza hularsa a hannu. "Kullum sai ta gai da yara, ta gai da malamai, mutanen da ba ta taɓa gani ba. Na kasa kunne tun ranar farko. Ko sau ɗaya ba ta ce Malam ba. Ta san za ta tafi, ta zauna ta yi wa duniya sallama, ni ina zaure ina taka keke kamar wawa."

Tausayinsa ya kama ni, haushinta kuma ya kama ni, ita da ke kwance a ƙasa. Na ga in na bar ta, mutumin nan zai bi ta. In na cire ta kuma, na yanke wa yara karatu a tsakiya, na kuma kashe muryar da ba za a sake samu ba. Na ɗauko littafin lissafin aji shida na buɗe masa. Na ce, "Malam, dubi inda take. Bi da bi take tafiya, ba ta tsallake. Abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Ka bar ta ta kai ƙarshe, ka san ba ta son barin aiki a rabi." Ya daɗe yana kallon littafin. Ya ce, "Ranar da ta gama, ki aiko a kira ni. A gabana za ki cire ta." Na ce na yi alkawari.

Damina ta kankama. Masarar bayan gida ta kai gwiwa, rijiya ta kawo ruwa, sauro ya maye gurbin zafi. Rama da zogale suka wadata, aka daina kwana da yunwa. Kullum ina ƙirga shafin da ya rage da ido. Shi kuwa in na fita shanya sai in hangi saman hularsa ta kan katanga, a tsaye, ba ya motsi.

Ranar shafin ƙarshe ana yayyafi. Na aika aka kira shi. Ya zo da wankakkiyar riga, ya zauna a bakin tabarma can gefe, bai kalli kowa ba. Ta yi sallama, ta yi gaisuwa, yara suka amsa. Ta yi darasinta tsaf, har da faɗan da take yi wa masu mance ajiye lamba. Da ta kai ƙarshe ta ce, "To yarana, littafi ya ƙare. Allah ya ba ku sa'a. Ku tashi ku tafi gida. Jummai, ke ki tsaya."

Yaran suka kalle ni. Na yi musu alama da hannu, suka fice sumui sumui. Ta bar fili daidai fitarsu.

"Jummai, na ce in Allah ya tashi kafaɗata zan goge wannan da kaina. Tunda kina ji, ban goge ba ke nan. Kuma na san ba ki cire ni ba, ke bakinki ne kawai ke da zafi. Tashi ki kai wa Malam wayar. Zan jira."

Ta auna tafiyar, daga zaurena a fita, a zaga kwata, a shiga nasu. Ba ta san yana zaune a gabana ba. Muka zauna ni da shi, wayar na tsakaninmu a kan tabarma, muna sauraren jiranta. Tana numfashi da ƙyar, ta yi ɗan tari ta danne. Can bayanta kekensa na ta aiki, ya tsaya, ya ci gaba. Ya ƙura wa wayar ido yana jin kansa a ranar da bai san komai ba. Ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba.

Sai ta ce, da wata murya ƙasa ƙasa da ban san ta da ita ba, "Malam, ya haƙuri?"

Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Filin na tafiya. Na ji tsoro kar ya ƙare bai amsa ba. Can ya ce, "Da godiya, Asabe." Tunda nake da su ban taɓa jin ya kama sunanta ba.

Ta ce, "Madalla. Ban gaishe ka a gaban yara ba, ka san ni da kunya. Yau na ajiye ta, malamai ku toshe kunnuwanku. Na ɓoye maka ciwon nan don na san in ka sani ba za ka ƙara runtsawa ba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Na yafe duniya da lahira." Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"Ni ma na yafe maka, ko da yake ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ka buɗe shago, ka ji? Kar in ji an ce ka zauna. Jummai, to cire ni haka nan. Sai mun haɗu."

Saƙon ya ƙare. Na miƙa masa wayar na nuna masa inda ake dannawa. Ya girgiza kai ya ce, "Ke ta ce." Na yi bisimilla na danna da yatsa ɗaya. Wani ɗan ƙaramin rubutu ya fito cewa na cire ta. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita cikin yayyafin. Guruf ranar ba wanda ya yi magana, har Ngozi.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke sai na ji ƙarar keken ɗinki. Na saki kwano, na ruga ɗaki da kumfa a hannu na ɗauko waya. Babu saƙon kowa. Na tsaya a tsakar gida na kasa kunne. Ta bayan katanga ƙarar take zuwa.